Daga Layin Gwaji Zuwa Gaban Kamera: Jagora Ga Bahaushe Mai Neman Aikin Fim A Legas

Duk Bahaushen da yake zaune a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12, yana kuma bin fina-finan da ake shiryawa a wannan gari, ya san cewa ana buƙatar irinsa a cikinsu, domin da wuya a ba da labarin Najeriya babu ɗan Arewa. Akwai sanata, akwai hafsan soja, akwai attajirin ɗan canji, akwai likita 'yar Kano da aiki ya kawo ta Ikko, amma sau da yawa wanda bai taɓa kwana a Arewa ba ake sa wa babbar riga da hula ya fito a wannan matsayi. Ali Nuhu, wanda aka naɗa ya shugabanci Hukumar Fina-finai ta Najeriya a watan Janairun 2024, da Sani Danja da Rahama Sadau da Yakubu Mohammed sun nuna cewa ƙofar tana buɗuwa. Sai dai su sun zo ne da sunan da suka riga suka yi a Kannywood. Wanda zai fara daga tushe, babu wanda ya san fuskarsa, hanyarsa ta daban ce, kuma ita zan bi daki-daki bisa abin da na gani a wannan sana'a da nake cin abinci da ita.

Ka fara tsai da iyakarka

Mataki na farko a cikin ɗakinka ake ɗaukarsa, tun kafin ka buga wa kowa waya. A Kano akwai Hukumar Tace Fina-finai ta jiha da ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN, waɗanda suke shata wa ɗan wasa layin da ba zai ƙetare ba game da sutura da taɓa jiki tsakanin mace da namiji. A Legas babu mai shata maka irin wannan layi. Labarin da za a miƙo maka yana iya ƙunsar runguma, ko sumba, ko kwanciya a gado ɗaya da wadda ta fito a matsayin matarka, ko riƙe kwalbar giya ko da lemo aka zuba a ciki, ko durƙusawa a gaban boka. 'Yar'uwa kuma ana iya neman ta cire ɗankwali ta sa gashin kanti, ko ta sa rigar da ba za ta iya tsayawa da ita a gaban mahaifinta ba. Ka zauna ka rubuta abin da za ka iya da abin da ba za ka iya ba, ka shawarci iyaye ko abokin zama, ka tambayi malamin da ka amince da shi idan zuciyarka tana wasiwasi.

Abin da ya sa na sa wannan a gaban komai shi ne, idan ka bari sai ranar ɗauka, lokacin da aka kunna fitilu, ma'aikata suka cika ɗaki suna jiranka, kuɗin hayar gida da na kamera yana tafiya, to kunya da matsi za su sa ka amince da abin da za ka daɗe kana nadamarsa, ko kuma ka ƙi a lokacin da ƙin naka zai jawo wa furodusa asara, ya yi maka shaidar da za ta riga ka isa wurin abokan sana'arsa. Kada kuma ka manta cewa ɗan guntun da wani zai yanko ya ɗora a TikTok yana isa garinku kafin mutanen gida su san sunan fim ɗin. Na ga masu shirya fim da dama suna karɓar sharaɗi cikin mutunci idan an gaya musu da wuri, domin a lokacin suna da sararin sauya fitowar ko neman wani.

Kayan neman aiki

Abu uku ne ake fara tambaya: hoto, takardar bayaninka, da gajeren bidiyon wasanka. Hoton ya kasance daga kafaɗa zuwa sama, cikin haske mai kyau, a jikin bango marar ado, babu baƙin tabarau, kuma babu gyaran fuska da manhajar waya, domin wanda ya kira ka saboda hoton yana son ganin mutumin da ke cikinsa ya shigo ɗakin. Ka haɗa da wani na tsaye wanda ya nuna tsawonka da jikinka. Shawarata ga Bahaushe ita ce ya yi hoto iri biyu, ɗaya da kaftani da hula, ɗaya da ƙananan kaya ko kwat, don kada mai zaɓen 'yan wasa ya ɗaure shi a matsayi ɗaya tun daga hoto.

Takardar bayani kada ta wuce shafi guda. Ta ƙunshi suna da lambar waya da tsawo, da shekarun da fuskarka za ta iya ɗauka a fim, da ayyukan da ka yi a baya ko da wasan daɓe ne na makaranta, sannan harsuna. A nan jarinka yake, don haka ka fayyace shi sosai: Hausa, kuma wace iri, Kananci ko Sakkwatanci ko Katsinanci ko Zazzaganci, Fulatanci ko Barbarci in kana ji, Turanci, Turancin Buroka, Yarbanci. Yaron da aka haifa a Agege, yana Hausa a gida, yana Yarbanci a layi, yana Buroka a tasha, yana riƙe da abin da 'yan wasa kaɗan ne suke da shi a wannan gari. Ka rubuta sauran abubuwan da ka iya, kamar hawan doki da tuƙi da iyo da dambe, amma ka tsaya a kan gaskiya, domin fina-finan tarihi da na sarauta suna neman mahaya, kuma doki ba ya rufa wa maƙaryaci asiri.

Bidiyon wasa minti ɗaya zuwa biyu ya isa, mafi kyawun fitowarka a farko. Wanda bai taɓa yin fim ba ya nemi ɗaliban koyon shirya fim, kullum suna neman 'yan wasa don gajerun ayyukansu, kuma ko da ba su biya ba za ka fita da abin nunawa. Akwai makarantar PEFTI a Isolo, da Royal Arts Academy a Surulere, da EbonyLife Creative Academy a Ilupeju, da sashen fasahar ƙirƙira na Jami'ar Legas a Akoka. Ko ba ka shiga ɗaya daga cikinsu ba, ka riƙa zuwa kallon wasan daɓe a Terra Kulture ko Freedom Park, ka ga yadda ƙwararru suke sarrafa murya da numfashi. Idan ka fara samun aiki, ka yi rajista da ƙungiyar 'yan wasa ta ƙasa, wato AGN, reshen Legas, domin ranar da rikicin kuɗi ya taso za ka so a ce akwai inda za ka kai ƙara.

Inda ake jin labarin gwaji

A da, 'yan wasa a Surulere suke taruwa, ko a ƙarƙashin bishiyoyin Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da ke Iganmu, wanda aka gina don bikin FESTAC na 1977, suna jiran a liƙa sanarwa. Yanzu yawancin sanarwar a Instagram take fita, a shafukan kamfanonin shirya fim da na masu zaɓen 'yan wasa, daga nan ta yaɗu a zaurukan WhatsApp. Ka karanta kowace sanarwa har ƙarshe. In an ce ana neman dattijo mai shekara 60, kada matashi ya aika hotonsa da fatan ko za a dace, domin masu zaɓe suna tuna wanda ya ɓata musu lokaci.

A nan ne kuma mazambata suke kafa tarkonsu. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom, ko kuɗin kati, ko ka sayi matsayi a fim, ka bar shi da fim ɗinsa. Kai ake biya idan ka yi aiki. Ka bincika sunan kamfanin, ka ga ko ya taɓa fitar da wani abu da za a iya kallo. Gwajin da aka sa a ɗakin kwana na otal, ko da daddare, ko aka nemi a fara aiko da hoton da ya bayyana tsiraici, ba gwaji ba ne. 'Yan'uwa mata su tafi da rakiya duk inda ba su sani ba, su kuma tura wa wani na gida adireshin wurin kafin su fita.

Gwajin da za ka ɗauka da wayarka

Gwaji da yawa yanzu da bidiyo suke farawa: a aiko maka da shafi ɗaya ko biyu, ka yi wasan a gida ka tura. Ka kwantar da wayar a kwance sai fa idan an ce a tsaye ake so, ka ɗora ta a kan wani abu daidai tsayin idonka, ka fuskanci taga don haske ya sauka a fuskarka, bayanka kuma bango ne kawai. Ka fara da faɗin sunanka da tsawonka da harsunan da kake ji kana kallon kamera, daga nan ka kawar da ido zuwa ga wanda yake karanta maka ɗaya ɓangaren, wanda ya kamata ya tsaya dab da wayar ya kuma rage murya don kada tasa ta danne taka. Babbar matsalar unguwanninmu ita ce ƙara: janareton maƙwabta, hon ɗin danfo, lasifikar mai sayar da magani. Ka kashe fanka, ka rufe ƙofa, ka zaɓi lokacin da rana ta fito amma layi bai gama farkawa ba. Ka sa wa bidiyon sunanka da sunan matsayin, ka tura shi kafin wa'adi ya cika.

Ranar gwaji

Rabin gwaji a Legas isa wurin ne. Mai tasowa daga Agege yana iya amfani da jirgin ƙasa na Jan Layi, wanda ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024 tsakanin Agbado da Oyingbo, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba, amma ya tabbatar da lokutan tashinsa tun daren jiya, ya kuma zuba kuɗi a katin Cowry da ake biyan kuɗin jirgin da shi. Kada ka dogara da cewa ɗan acaɓa zai cece ka idan ka makara, domin tun watan Yunin 2022 aka hana su aiki a ƙananan hukumomi irin su Ikeja da Surulere da Eti-Osa, kuma a nan yawancin gwaje-gwajen suke. In a Lekki ne ko Ajah, ka fito bayan sallar asuba, musamman a watannin Yuni da Yuli da ruwa yake cika hanya. Ka sa rigar gwajin a jaka ka canza idan ka isa, ka riƙe ruwan sha da abin cajin waya, domin a buɗaɗɗen gwaji lamba ake rabawa, kuma kana iya wuni a layi saboda minti biyu a ciki.

Ka tafi da jawabi biyu na mutum ɗaya da ka haddace, ɗaya mai nauyi, ɗaya mai ban dariya, kowanne kamar minti guda, kuma yana da kyau ɗayan ya kasance da Hausa ko da masu zaɓen ba sa ji, domin gaskiyar wasa tana fitowa a fuska. Idan ka shiga ka yi gaisuwa a taƙaice, ka tsaya inda aka nuna maka. Akwai wani abu da tarbiyyarmu ta dasa mana wanda dole ne ka lura da shi a nan. An koya mana sunkuyar da kai da sassauta murya a gaban manya, kuma wannan ladabi ne mai kyau a zaure, amma kamera da ido take aiki, kuma wanda ya sunkuya ya ɓoye mata abin da aka kira shi ya nuna. Ka ɗaga kai, ka bari a ga idonka, ka yi magana a ji ka.

Idan aka miƙo maka takarda a nan take, ka nemi minti ɗaya ka duba ta, ka amsa wa kanka tambaya biyu: da wa nake magana, kuma me nake so daga gare shi? Wanda ya san amsar nan zai yi wasa mai rai ko da ya yi tuntuɓe a kalma, kuma in ka yi tuntuɓen ka ci gaba, kada ka tsaya ba da haƙuri. Sau da yawa darakta zai ce ka sake, amma wannan karon cikin sanyi, ko kamar kana ɓoye tsoro. Kada ka ɗauka na farkon ne bai yi ba; yana auna ko kana jin gyara, domin da mai jin gyara zai iya zama na makonni a wurin aiki. Game da lafazin Turanci, abin da ake buƙata shi ne a fahimci kowace kalma, don haka ka yi aiki a kan haruffan da suke ba mu wahala, irin su bambanta “p” da “f”, ba tare da ka ƙaƙaba wa bakinka lafazin Amurka ba. In ka gama ka yi godiya ka fita. Rashin kira na biyu yana iya zuwa ne daga tsawo, ko daga rashin kama da wanda aka riga aka zaɓa a matsayin ubanka, abubuwan da babu ruwansu da iyawarka.

Matsayin mai gadi

Babu Bahaushen da zai yi wata shida yana neman aikin fim a Legas ba a miƙo masa wannan matsayi ba: mai gadi da 'yar rediyonsa, ko mai tsire, ko mai wankin takalmi, yana gurɓataccen Turanci ana dariya. Ina ganin kuskure ne a ƙi shi kai tsaye, kuma kuskure ne a karɓe shi ido rufe. Gadi sana'a ce ta halal, da ita iyayen da yawa daga cikinmu suka ciyar da gida suka kai 'ya'ya makaranta, kuma ɗan wasan da yake jin ya fi ƙarfin fitowa a matsayin talaka bai fahimci sana'arsa ba. Abin dubawa shi ne yadda aka rubuta mutumin. Yana da suna? Yana da wata buƙata tasa a cikin labarin? Dariyar daga halin da ya shiga take fitowa, ko kuwa daga cewa shi ɗan Arewa ne, don haka wawa ne?

Idan akwai mutum a cikin rubutun, ka karɓa ka cika shi da abin da ka sani. Ka san yadda mai gadi na gaskiya yake shimfiɗa buzunsa a gefen ƙofa, yadda yake haddace lambar kowace mota a layin, yadda yake lissafin kuɗin da zai aika gida kafin damina ta faɗi, yadda yake jin duk sirrin gidan ya kame bakinsa. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne suke sa mai kallo ya daina ganin hula ya fara ganin mutum, kuma su ne suke sa darakta ya tuna da kai idan babban matsayi ya taso. Idan kuwa babu komai a rubutun sai izgili, ko aka mai da Bahaushe ɗan ta'adda marar fuska marar dalili, ka yi magana da darakta cikin ladabi ka ba da shawarar gyara. In ya ƙi, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na san wannan magana tana da nauyi ga wanda kuɗin haya yake binsa, kuma ba na zargin kowa a kan abin da yunwa ta sa shi, amma ka sani cewa matsayin da ka maimaita sau da yawa shi ne za a riƙa kiranka dominsa.

Yarjejeniya kafin aiki

Idan aka ce an ɗauke ka, ka nemi cikakken labarin ka karanta, ko aƙalla duk fitowar da kake ciki, sannan ka faɗi sharuɗɗan nan da ka rubuta tun farko. Bayan haka sai maganar kuɗi, kuma a rubuce. Manyan kamfanonin da suke yi wa sinima ko Africa Magic ko Netflix aiki suna ba da kwantiragi; ƙananan masu yi wa YouTube fim sau da yawa da baki suke magana, to kai ka mai da maganar rubutu, ko da saƙon WhatsApp ne da ka jera abin da aka yi ittifaƙi a kai, shi kuma ya amsa da cewa ya yarda. A fayyace nawa ne kuɗin, kwana nawa ne aikin, nawa ne kafin alƙalami kuma yaushe za a biya ciko, wa zai ɗauki nauyin mota da abinci da masauki idan a Epe ne ko Ikorodu ko Badagry, me za a ƙara idan kwanakin suka zarce, da yadda za a rubuta sunanka a fim. Ka tambayi ko kayan sawa naka ne ko nasu. Ka karanta sashen da yake magana a kan amfani da fuskarka da muryarka, domin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta amince da haƙƙin mai wasa a kan wasansa, kuma abin da ka sa wa hannu shi ne zai nuna nawa ka sallama daga ciki. A wannan zaman ne kuma za ka ambaci sallar Juma'a da azumi idan aikin ya faɗo a Ramadan, don a san yadda za a tsara fitowarka.

A wurin ɗauka

A wasu fina-finanmu na Arewa an saba darakta ya bayyana abin da fitowa ta ƙunsa, ɗan wasa ya yi maganar da bakinsa. A manyan ayyukan Legas abin da aka rubuta ake so, don haka ka haddace layukanka har su zauna, ka kuma san na abokin wasanka don ka gane inda za ka shigo. Ba a ɗaukar fim a jere yadda mai kallo zai gan shi. Ana yin sa ne kamar yadda tela yake yanka hannu da wuya da gaba daban-daban kafin ya haɗa riga: duk fitowar da ke cikin gida ɗaya a rana ɗaya za a ɗauke su, ko da ɗaya ta farkon labari ce ɗaya ta ƙarshe. Saboda haka ka rubuta a gefen kowace fitowa abin da ya faru da mutuminka dab da ita, don kada ka yi murmushi a wurin da labari ya ce jiya aka binne ɗanka.

Da daddare za a turo jadawalin gobe, mai ɗauke da lokacin isowarka da adireshin lokeshan da lambobin fitowa. Ka isa kafin lokacin, ka sanar da mataimakin darakta ko manajan shiri cewa ka zo, ka wuce wurin masu kaya da masu kwalliya. Daga nan sai jira, kuma jira shi ne mafi yawan aikin. Ana iya kiranka ƙarfe bakwai na safe ba a ɗauke ka ba sai bayan la'asar, saboda ana gyara haske, ko ruwa ya sauko, ko 'yan unguwa sun tare hanya suna neman a sallame su. Wannan rigimar ta masu shiri ce, kada ka sa baki. Ka riƙe dardumarka da butarka, ka gaya wa mataimakin darakta kafin ka tafi salla don kada a neme ka a rasa, kuma ka yi alwala kafin a yi maka kwalliya in da hali, domin mai kwalliyar da aka sa ta maimaita aiki ba tare da sanarwa ba tana da haƙƙin jin haushi. Abincin da za a kawo ka tambayi abin da ke ciki ba tare da ƙyama a fuska ba.

Idan aka kira ka, za a fara gwada motsi: inda za ka tsaya, inda za ka zauna, lokacin da za ka juya. Za a liƙa ɗan tef a ƙasa, kuma a kansa mai kamera ya daidaita hotonsa, don haka ka koyi taka shi ba tare da ka kalli ƙasa ba. Fitowa ɗaya sau da yawa ake ɗaukarta, daga nesa, daga tsakiya, sannan dab da fuskar kowa, kuma dole abin da ka yi a ta farko ka maimaita shi daidai a sauran. In da hannun dama ka ɗauki kofin shayi a kan wata kalma, to da shi za ka ɗauka a kan wannan kalmar kowane karo. Mu masu babbar riga da hula wannan ya fi shafarmu: karin hula da yake gefen hagu kada ya koma dama, hannun rigar da ka naɗe a kafaɗa kada ya sauko, carbin da ke hannunka kada ya ɓace, mayafin da ya rufe kafaɗa ɗaya kada ya koma ɗayar. Akwai mai lura da wannan, ana ce masa mai kwantiniti, amma sau da yawa bai san sirrin kayanmu ba, don haka ka ɗauki hoton kanka da waya kafin a fara. Shadda mai sitaci kuma tana ƙara a kunnen ƙaramin makirufon da ake maƙala wa ƙirji, ka gaya wa mai sauti tun da wuri ya nemi inda zai sa shi. Kuma ka tuna makirufon yana jin ka ko an tsaya, saboda haka ka kiyaye harshenka.

A ɗaukar kusa ka rage komai, domin ɗan motsin gira ya isa. Idan aka juya kamera kan abokin wasanka, ka ba shi wasa cikakke kamar kai ake ɗauka, ko da bayan kanka kawai ake gani. Kada ka tsaya sai darakta ya ce a yanke, ko da ka ji jirgi yana wucewa.

Kusan tabbas za ka tarar da Hausar da aka rubuta a labarin ba daidai take ba, domin sau da yawa da manhajar fassara aka yi ta: a kira mace da “kai”, ko yaro ya gai da sarki kamar sa'ansa, ko a naɗa rawanin da babu basaraken da zai fita da shi. Gyara wannan yana cikin amanar da ka ɗauka, amma akwai hanyarsa. Ka sami darakta a gefe kafin a kunna kamera, ka ce, “Yallaɓai, a wurinmu ga yadda ake faɗin wannan, in ka yarda in gwada,” ka ba shi zaɓi biyu ka bar masa hukunci. Idan aka fara dogara da kai wajen fassara dukan labarin ko koya wa wasu 'yan wasa lafazi, wannan aiki ne na biyu, ka nemi a sa masa kuɗinsa da sunansa.

Bayan an gama

Kafin ka bar lokeshan a ranar ƙarshe, ka mayar da duk kayan da aka ba ka hannu da hannu, ka tabbatar da ranar biyan ciko a gaban manajan shiri. Kada ka ɗora hoton wurin aiki a intanet sai an ba da izini, domin kwantiragi da yawa sun hana. Ana iya kiranka bayan makonni ka je sitidiyo ka sake naɗar muryar wasu layuka da ƙara ta ɓata, don haka kada ka sauya lamba ba tare da ka sanar ba, kuma in ana iya neman ƙarin ɗauka ka tambaya kafin ka aske gemu ko gashi. Idan ranar biya ta wuce, ka tuna musu a rubuce cikin ladabi, ka ajiye saƙonnin, in abin ya ƙi ka kai wa ƙungiya. Da zarar fim ya fito, ka nemi izinin yanko fitowarka mafi kyau, ka sa ta a farkon bidiyon wasanka, ka gyara takardar bayaninka, sannan ka aika wa masu zaɓen 'yan wasan da suka taɓa ganinka a gwaji, har da waɗanda ba su ɗauke ka ba a wancan karon.